Neman shawara: lambar ƙungiyarmu ta ƙi zama a jikin robot

Malamin kwamfuta, Gwale:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina kula da ɗalibai tara a wata makarantar sakandare nan cikin birni, muna shirin gasar robot ta FIRST Tech Challenge. Wata uku muna fama da ƙafafu da hannun ɗaukar kaya da rubuta umarni, Alhamdu lillahi robot yana tafiya. Abin da ya gagare mu abin kunya ne a faɗa: lambar ƙungiya.

Ranar Asabar mun yi wasan gwaji da wata makaranta. Da daddare na buga lambar a takarda, yara suka liƙa da salatif. Ko minti ɗaya ba a yi ba robot ɗin abokan karawa ya goge mu, takardar ta ɓalle, ta naɗe a taya, muka ƙarasa wasan robot yana juyi wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure a turke. Yaran sun ji kunya, ni ma haka. Da me kuke yin taku? Wane girma ake so? Kuma a ina ake samun kayan a Kano? Saura mana mako uku.

Injiniya, Sharaɗa:
Wa alaikumus salam Malam. Kai kam ka huta da dabara, ka kai shi wurin masu rubuta lamba a jikin Adaidaita Sahu su fesa maka da fenti a jikin ƙarfen. Ka taɓa ganin lambar Adaidaita ta faɗi a titi?

Malamar fiziks, Tarauni:
Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma wannan shawarar za ta kai Malam ta baro. Adaidaita launinsa ɗaya har ya tsufa, robot kuwa canza riga yake yi. A wannan gasar ƙungiyoyi biyu ake haɗawa su zama ɓangaren ja, biyu su zama ɓangaren shuɗi, kuma jadawali ne ke raba ku. Yanzu kuna ja, wasa na gaba kuna shuɗi, wanda kuka kara da shi da safe ya zama abokin tafiyarku da azahar. Idan ka fesa fenti a jikin ƙarfe, me za ka yi idan aka kira ku a ɗaya launin?

Malam, ga abin da littafin dokoki ya tanada tun kakar 2024 zuwa 2025. Alluna biyu aƙalla, a gefuna biyu daban na robot. Kowane allo faɗinsa kada ya gaza inci 6.5, tsayinsa inci 2.5, wato kusan santimita 16.5 da 6.4. Bayan allon ja zalla ko shuɗi zalla, lambobin farare tas, tsayinsu kusan inci 2.25, a jere daga hagu zuwa dama, ba a ɗora ɗaya kan ɗaya. Kafin waccan kakar tsarin daban ne, ana rubuta lamba gefe guda sannan a maƙala alamar ɓangare daban, jan murabba'i ko shuɗin da'ira. Shi ya sa idan ka kwaikwayi tsofaffin hotunan intanet za ka yi aikin baban giwa. Kowace shekara sabon littafi ake fitarwa, saboda haka ka sauke na bana, ka ba ɗalibi ɗaya shafin ya riƙe shi amana. Ka ga kenan alluna huɗu za ka yi, biyu ja, biyu shuɗi.

Injiniya, Sharaɗa:
To Malama, na sallama. Ni zamanin da na yi harkar nan ba wanda ya tambaye mu launi.

Mai buga allon talla, Fagge:
Malam, wannan aikinmu ne, bari in sa baki. Kada ka ɓata kuɗinka a laminetin. Takardar da aka yi wa laminetin tana lanƙwashewa, kuma tana ƙyalli, fitilar zauren gasa na haska ta mai kallo ba ya ganin komai sai walƙiya. Ka nemi robar nan mai tauri da muke yin allon ofis da ita, marar kauri sosai, ka ce a ba ka ragowar yanka, ba sai ka sayi falle guda ba. A liƙa mata sitika ja ko shuɗi marar sheƙi, sannan a yanka lambobin da inji daga farar sitika.

Abu biyu nake roƙonka. Na farko, kafin a liƙa a goge robar da ɗan sifirit ta bushe. Ƙurar hunturun nan ita ce maƙiyin gam, ko kaɗan ta shiga ƙarƙashi, kwana biyu gefen ya ɗaga, idan kuma zafin bazara ya zo ya narkar da sauran. Na biyu, idan yaranka suka zo suna zaɓen rubutu mai ƙawa irin na katin biki, ka hana su. Rubutu mai kauri, miƙaƙƙe, wanda 1 ba ta kama da 7, 3 ba ta kama da 8. Kuma ka zo da awon a rubuce, domin lambobin yanzu biyar ne a jere, idan aka bar mu da ido za mu matse su don su shiga, su zama sirara.

Ɗalibar jami'a, tsohuwar 'yar gasa:
Malam ina wuni. Ni na taɓa zama mai rubuta maki a gefen fili, kuma ina so yaranku su gane dalilin dokar, don in ba su gane ba za su ci gaba da ɗaukar lambar a matsayin ado. Filin ƙafa 12 ne kowane gefe, robot huɗu a ciki suna kai-kawo, wasan duka minti biyu da rabi, daƙiƙa 30 na farko robot ke tuƙa kansa. Kuma yawancin robot ɗin daga kayan kamfani ɗaya aka harhaɗa su, ƙarfe iri ɗaya, taya iri ɗaya. Alƙali ba shi da lokacin tambayar na wane ne wannan. Launi da lamba kawai yake gani. Idan naku ya ɓace, laifin wani yana iya hawa kanku.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Ƙungiyoyi suna zaunar da ɗalibai a gefe da takarda suna rubuta wane robot ne ya iya aiki, saboda in an gama zagayen farko waɗanda suka zo sama su ke zaɓen abokan tafiya zuwa zagayen ƙarshe. Na ga robot mai kyau da ba wanda ya zaɓa, don masu rubutun sun kasa karanta lambarsa, suna ta cewa wancan mai dogon hannun. Ga shi ranar akwai masu dogon hannu kusan shida.

Ku gwada haka: ku ajiye robot a ƙarshen aji, wani ya tuƙa shi da gudu, ku kira ɗalibin da bai san lambar ba ya karanta daga bakin ƙofa.

Malamin kwamfuta, Gwale:
Allah ya saka. Amma akwai wata rigima. Littafin ya ce a yi amfani da lambobin Larabci, wani yarona mahaddaci ya dage cewa irin na shafukan Alƙur'ani ake nufi, har ya zana samfuri.

Malamar fiziks, Tarauni:
Allah ya yi wa yaron albarka, karatunsa bai yi ƙarya ba, Turawa ne suka rikita sunan. Abin da suke kira lambobin Larabci shi ne 1, 2, 3 ɗin nan na boko. Asalinsu daga Indiya ne, ta hannun malaman Musulunci irin su al-Khwarizmi suka isa Turai, sai sunan ya bi su. Ya ajiye samfurinsa ya sa a tutar ƙungiya.

Wani ɗalibi:
Malamai, me zai hana a sa ƙaramin allon fitila, a danna ya koma ja, a danna ya koma shuɗi? Ni zan iya haɗawa.

Ɗalibar jami'a, tsohuwar 'yar gasa:
Ƙanena, kowace ƙungiya akwai mai wannan tunanin, ni ce tamu a lokacin. Doka ta hana allon da sai da wuta yake nuna lamba. Batir na mutuwa, robot ya zama ba shi da suna.

Mai gyaran waya, Farm Centre:
Ba wanda ya taɓo maganar maƙalawa, alhali ita ce ta kunyata Malam. Tsakanin wasa da wasa wani lokaci 'yan mintuna ne, ga canjin batir, ga gyara, ba za ka tsaya kwance noti takwas ba. Mu abin da muka yi wa ƙungiyar ƙanena, mun ɗaure siririn faranti na dindindin da noti a jikin ƙarfen, muka sa Velcro, maɗaurin nan na takalmin yara mai kamawa kamar ƙarangiya, wanda ake samu wurin masu kayan takalmi da jaka a Kofar Wambai. A shimfiɗa shi tsawon allon gaba ɗaya, ba ɗan guntu a tsakiya ba. Kuma allon ya ɗan shige ciki, ƙarfen robot ya kare gefensa, don abin da ya turo kai shi ake fara kwashewa.

Ka kuma tuna akwatin awo. A farkon wasa robot ba ya wuce inci 18 ta kowane gefe, kuma har da allon ake aunawa. Idan yaranka sun riga sun cinye incin duka, kaurin allo biyu ya isa ya mayar da ku teburin gyara. Kada allon ya rufe makunnin wuta. Kada kuma ka yi shi da ƙarfe ka kange akwatin sarrafawa, domin ta Wi-Fi yake magana da na'urar direba. Tunda an zo nan, ka duba sunayen na'urorin biyu, su ma lambar ƙungiya ake sa musu, sunan akwatin sarrafawa ya ƙare da RC, na na'urar direba da DS. Masu duba robot suna tambaya.

Malamin fasaha, Nassarawa:
Ga masu karantawa da suke VEX, wata gasar robot ta daban, ku kada ku ɗauki awon nan. Mu faranti ne na musamman kamar lambar mota, ja da shuɗi, a gefuna biyu masu kishiyantar juna, kuma lambarmu tana ƙarewa da harafi. Makaranta mai ƙungiya biyu ta kula da harafin nan, mun taɓa musanya A da B a cikin jaka.

Malamin kwamfuta, Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na auna robot yanzu, ta gefen dama saura mana rabin inci kawai, ta hagu kuma hannun ɗaukar kaya yana rufe wurin idan ya sauko, dole allon ya koma baya. Maigida na Fagge, zan turo yara biyu gobe bayan la'asar da awon a rubuce. A yanka mana shida maimakon huɗu, na san halin mutanena da ɓatar da kaya.