Ƙauri daga na'urar ɗumama gida

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare na kunna na'urar ɗumama gida, karon farko tun ƙarshen hunturun bara, sai ƙauri ya cika ɗakunan. Shin in kira mai gyara ne ko in dakata?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Yawanci ƙurar da ta taru ce take ƙonewa, kuma cikin 'yan sa'o'i take wucewa. Ka buɗe taga.

Alhaji Lawal: Hajiya, haka ni ma na yi ta faɗa har kwana 3, alhali ƙaurin nawa na roba ne, mai shaƙe maƙogwaro. Na'urar takan tashi ta yi kamar minti 5 ta mutu, ta huce, ta sake tashi, ni kuwa ina ɗora laifin a kan wutar lantarki. Da mai gyara ya zaro matatar iskar ya ɗaga ta a gaban fitila, ko ɗigon haske bai ratsa ta ba. Tunda iska ba ta wucewa, zafi ya yi ta taruwa yana sa makunnin kariya ya yanke wutar, injin fankar kuma ya wahala har robar da ke jikin wayoyinsa ta fara narkewa. Malam Habu, idan ƙaurin ya kwana, ko ya yi kama da na waya, ka kashe ta daga babban makunni.

Malama Asabe: Shi ya sa nake canza matatar duk wata.

Alhaji Lawal: Wannan ɓarna ce, Malama. Wata 3 ya isa.

Malama Asabe: Wanda injinsa ya ƙone ne yake koya mini lissafin watanni? Mai kyanwa biyu a gida ba zai jira wata 3 ba, don gashinsu kan toshe matatar da wuri.

Injiniya Bashir: Ku yi haƙuri, ba wanda ya tambayi Malam ko tasa mai gas ce. Idan warin ruɓaɓɓen ƙwai ya ji, sinadarin da ake zubawa a gas ne domin a gane yoyo, kuma abin yi shi ne kowa ya fita waje ba tare da taɓa makunni ba, a kira masu gas daga can. Harshen wutar gas ɗin da ke cikin na'urar shuɗi ya kamata ya kasance. In ya koma rawaya, a kira gwani, domin yana iya nuna fitowar kabon monoksaid, iska mai guba da ba ta da wari ko kaɗan, sai na'urar gargaɗi ke gano ta.

Hajiya Rabi: Mu kam motar wasan jikana muka tarar ta narke a bakin bututun da iska mai ɗumi ke fitowa.

Malam Habu: Mai gas ce, Injiniya. A ina matatar take?