Masu koyon zanen injina, ku zo ku ba mu labari: wata 3 oga bai bar ni na taɓa kwamfuta ba

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum yan uwa. Don Allah waɗanda sunka taɓa koyon zanen kayan ƙira ku faɗa min ko haka abin yake ko ni kaɗai na. Na gama ND ɓangaren makanikal, wani abokin babana yad ɗauke ni wurin wani injiniya mai ƙera injin niƙa da injin casar shinkafa nan cikin gari don in koyi zane da kwamfuta, yau wata 3 kenan wallahi ko linzamin kwamfutar ban riƙe ba, kullum sai ya miƙo min baniya (ma'aunin kaurin ƙarfe) da fensir da takarda A3 ya ce kwance wanga fuli (ƙarfen da bel ka hawa) ka auna ka zana min shi ta gaba ta sama ta gefe. In na kai mai ya zagaye wuri 5 da jan biro ya ce sake. Ni fa SolidWorks, manhajar zanen injina a kwamfuta, nas zo koyo. In haƙura ko in canza wuri?

Injiniyan Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Zauna daram, ka samu ubangida na ƙwarai. Bari in ba ka nawa. Lokacin da nike SIWES, wato koyon aiki na ɗalibai a masana'anta, na riga na iya manhajar zane ta AutoCAD, har ina ji da kaina. Anka ba ni in zana shaf (sandar ƙarfen da ka juyawa) ɗin injin markaɗe wanda boris mai lamba 6205 zai hau, ramin boris ɗin milimita 25 na, sai kawai na rubuta 25 na miƙa. Mai fere ƙarfe ya fere ya kawo, munka sa boris sai ga shi yana zamewa kamar zoben da ya yi wa yatsa yawa. Munka auna, 24.9. Na ce mai malam ka ɓata aiki, ya ce yaro ina ka rubuta min iyakar da zan tsaya? Gaskiya tai ta. Da na sa k6, alamar iyakar awo, gaban 25 ɗin da ya san sama kaɗan zai tsaya don boris ya shiga da matsi. Ƙasa da kaurin takarda biyu ta ja muna asarar ƙarfe da yini guda, mai injin ga shi zaune bisa benci yana jira ga mata da robobin tattasai na jiran shi gida. Kwamfuta ba ta faɗa min komi ba ranar, abin da na ba ta shi ta zana tsaf.

Ɗan Mabera:
To yaya k6 ɗin nan a kai ake haddace shi ko yaya

Injiniyan Runjin Sambo:
Akwai teburin shi na ISO, hukumar ƙa'idoji ta duniya, dubawa ake yi. Babban harafi na rami ne kamar H7, ƙarami na shaf kamar g6 ko k6. Abin da za ka koya shi na sanin wuri da ke son matsi da wurin da ke son sakewa, wannan kuma sai hannunka ya taɓa.

Maman Husna Arkilla:
Ni tawa matsalar daban ce. Ni kaɗai ce mace a wurin da na koya, watan farko masu walda ko kallon zanena ba sa yi, sai su karɓa su ajiye su je su tambayi oga da baki. Abin ya dame ni sosai har kuka na yi a gida. Abin da ya canza shi ne ranar da na zana murhun gawayi na falanki, na yanke awo daidai yadda nake son ya fito ban bar komai ba don lanƙwasa, da aka naɗe sai murfin ya ƙi zama. Wani dattijo a cikinsu ya kira ni ya ce ɗiyata zo ki gani, ya yanko guntu ya auna, ya lanƙwasa a gabana ya sake aunawa, ya nuna min yadda bayan ƙarfen ke miƙewa cikin kuma ya takure. Daga ranar kafin in buga kowane zane sai na kai masa a waya ya duba, shi kuma ya fara cewa sauran ku tambayi malama. Yanzu har zanen ƙarfen yanka fata nake yi wa masu jaka da takalmi, suna kawo samfur na kwali ina mayar da shi zane mai awo.

Maganar kwamfuta kuma kar ka ɗaga hankalinka. Da tsohuwar laftof na fara, manhajar zane ta FreeCAD na sauke tunda kyauta ne kuma baya son intanet in ka riga ka sa shi. Zafin watan Afrilu ne kawai ya so ya kashe min ita, sai na ɗora ta kan bulo biyu fanka na busa ta, kuma na koyi sebin duk minti biyar saboda ɗaukewar wuta.

Baba Mai Fere:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, ɗana ar rubuta min wanga. Shekaruna sun haura 30 bisa injin fere ƙarfe. Yaran ga masu zane abu ukku suka yi muna. Su sa noti wurin da sifana ba ta shiga, sai ka ɗaure injin ka rasa ta inda za ka juya hannu. Su rubuta ramin 10 ma noti mai 10, alhali 11 ya kamata in wucewa zai yi, in ko zare za a yi mai ciki 8.5 aka hudawa. Sannan su zana ƙarfen da babu shi kasuwa, sai an aika Kano ko Kaduna. Yaro in ubangidanka ya aike ka sayen angul da bututu kada ka ɗauka wulaƙanci na, ka tahi da baniyarka ka auna abin da ag akwai.

Bature Baƙi:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Ni ɗan Gawon Nama ne amma a Jamus nake wannan koyon yanzu, shekara ta biyu. A nan sana'a ce mai rajista, tun 2011 suka haɗe ta da tsohuwar sana'ar zanen fasaha, shekara 3 da rabi ake yi, wasu ranaku a kamfani wasu a makarantar sana'a, ana biyan ka duk wata, kana cika littafin rahoto ogan ka na sa hannu, jarabawa kashi biyu ce kuma ƙungiyar yan kasuwa da masana'antu IHK ke shirya ta. Reshe biyu ne, na injina da manyan na'urori, da na fasalin kaya. To ɗan uwa ka san me? Ni da na zo da zumuɗin manhajar zane ta Inventor sai da aka tura ni ɗakin ƙira makonni ina goga ƙarfe da zarto da hannu har tafin hannuna ya yi kanta, ana auna min da ƙaramar sukwaya ana haska fitila ta baya, in haske ya ɓullo a ce koma. Abin da ya fi ba ni wuya ma yaren ne, sunan kowane noti da Jamusanci.

Wani abu kuma ka kula, duba ɗan alamar nan mai kamar mazurari a ƙasan zane. Turai suna jera fuskokin zane da tsarin kusurwa ta farko, Amurka ta uku, in ka koyi ɗaya a makaranta kana kallon bidiyon YouTube na ɗayan sai ka huda rami a hagu alhali dama ake so. Ya taɓa faruwa da ni.

Abu Kalambaina:
Ni dai zan ɗan saɓa. Haƙuri eh amma da iyaka. Na yi shekara guda cur wurin wani oga, shara da sayo abinci da wanke mota, zane ko ɗaya, ashe tsoro yake kar in iya in ɗauke mai kwastomomi. Bambancin shi ne kai naka yana duba aikinka da jan biro, wanda bai son ka iya ba zai ɓata biron shi ba. Amma ka same shi cikin ladabi ka tambaye shi yaushe za a hau kwamfuta, kuma da dare ka riƙa maida zanen fensir ɗin cikin FreeCAD da kanka. Inci ma ka kiyaye, 25.4 ne ba 25 ba, masu bututu da inci suke magana kai kuma da milimita.

Ɗan Mabera:
Na gode kwarai Allah ya saka. Yau da safe na ɗauko zanen fulin jiya na ƙirga jan biron, 3 daga ciki duk awon da na maimaita sau biyu na, ɗaya kuma ban nuna ramin makulli (tsagar da ke riƙe fuli da shaf) ba sam. Na gyara na kai mai, ya daɗe yana kallo sannan ya ce gobe in zo da wuri mu kwance injin casa gaba ɗaya. Maman Husna don Allah laftof mai ram 4 za ta ɗauki FreeCAD ɗin ko sai na ƙara?

Maman Husna Arkilla:
Za ta ɗauka in ƙananan kaya ne, tawa ma 4 ce lokacin. In ka fara haɗa injin gaba ɗaya ne za ta fara nauyi, sai ka ƙara zuwa 8.