Mene ne ma'anar launuka da da'irar da ke jikin tutar Nijar?

Malamin Aji Biyar:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina koyarwa a wata makarantar firamare a Katsina, kuma a makon jiya wata ɗaliba da iyayenta suka taso daga Maraɗi ta zana tutar Nijar a kan allo da alli mai launi: ruwan goro a sama, fari a tsakiya, kore a ƙasa, sa'an nan ta zagaya da'ira a tsakiyar farin ta cike ta da ruwan goro. Wani yaro ya tsaya kai da fata cewa tutar Indiya ce. Na ɗaukar musu alkawarin kawo cikakken bayani ranar Litinin, saboda haka ina roƙon masana su faɗa mini abin da launukan nan da da'irar suke nufi.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya saka da alheri da wannan kulawa. An amince da tutar nan ne a ranar 23 ga Nuwamba 1959, bayan an ayyana jamhuriya a ranar 18 ga Disamba 1958, kuma kafin samun 'yancin kai daga Faransa a ranar 3 ga Agusta 1960, a zamanin Diori Hamani, shugaban ƙasar na farko. Abin da ya kamata a fara sani shi ne, kundin tsarin mulki na 2010 ya siffanta tutar ne kawai, ya jera launukan daga sama zuwa ƙasa, ya ambaci da'irar, amma bai fassara ko ɗaya daga cikinsu ba. Fassarar da aka saba ji ita ce, ruwan goron yana nufin rairayin Sahara da ya mamaye arewacin ƙasar, wajen Agadas da Bilma. Koren, wanda mu a nan muke cewa tsanwa, yana nufin kudu inda ake noma, kamar Gaya da Maraɗi. Farin kuwa tsarki ne. Da'irar rana ce. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a tashar mota a Tawa da azahar a watan Afrilu, kwalta tana tiriri, ba zai tambayi dalilin da ya sa aka ba ta tsakiyar tuta ba. Shi kuwa yaron, ka nuna masa cewa abin da ke tsakiyar tutar Indiya shuɗiyar ƙafar keke ce mai sanduna 24, ba da'ira mai launi guda ba.

Bagobira:
Ina yi wa kowa sallama. Yayana Ɗan Damagaram ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in ja hankalin Malam kan farin, domin zai ci karo da masu cewa kogin Isa yake nufi, wato kogin Kwara. Ni dai wannan fassara ba ta kwanta mini ba, saboda kogin ta yammacin ƙasar kawai ya ratsa, daga Tillaberi zuwa Yamai zuwa Gaya, bai raba arewa da kudu kamar yadda farin ya raba launukan biyu ba. Haka kuma akwai masu cewa da'irar tana nuna shirin 'yan ƙasa na sadaukar da rai domin kare 'yancinsu. Shawarata, Malam, ka gaya wa yaran cewa waɗannan fassarori ne da aka saba da su, kada ka ba su a matsayin doka.

Tsohon Akawu:
Malam, idan kana son alamomin da ma'anarsu ta fito fili, ka kai wa yaran hatimin ƙasar tare da tutar. A jikinsa akwai rana, da mashi da takubban Abzinawa biyu a gicciye, da zangarniyar gero uku, da kan bijimi a ƙasa, wato manomi da makiyayi da mai tsaron ƙasa kowa ya ga kayan aikinsa. Ranar da ke hatimin ita ce ta ƙarfafa mini cewa da'irar tutar ma rana ce.

Malamin Aji Biyar:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Ranar Litinin zan sa ɗalibar ta sake zana tutar, in sa yaron ya zana ta Indiya a gefenta, ni kuma in zo da zangarniyar gero daga gida.