Zafi na sauya sautin ƙarfen saita kiɗa?

Mai_Jita: Assalamu alaikum. Ina da ƙarafan saita sauti guda biyu, masu yatsu biyun nan, kowanne an buga masa 440 a gindi, wato yawan karkarwarsa a daƙiƙa. Ɗaya ya wuni a mota cikin rana, ɗaya yana ɗaki. Da na kaɗa su tare na kanga a kunne, sai na ji sautin yana tashi yana lafawa, wuu... wuu..., kusan sau ɗaya a daƙiƙa. Da mai zafin ya huce, abin ya ɓace. Ya lalace ne? Wanne zan yarda da shi?

Malamin_Kimiyya: Wa alaikumus salam. Lafiyarsa ƙalau, ɗan'uwa. Ƙarfe in ya ɗumama, taurinsa na raguwa kaɗan, sai yatsun su yi nawar komawa mazauninsu, karkarwar ta ragu, sauti ya sauka. Da yawa suna ɗora laifin a kan tsawon da yatsun ke ƙarawa, alhali raguwar taurin ce ke da kaso mafi tsoka. Raguwar karkarwar ba ta wuce kusan kashi 1 cikin 10,000 a kowane digiri na Salshiyas ba. Wato mai karkarwa 440 a daƙiƙa, in zafi ya ƙaru da digiri 10, zai dawo wajen 439.5. Wuu-wuu ɗin nan bambancin da ke tsakaninsu ne kunnenka ya kama. Sau ɗaya a daƙiƙa na nufin na motar ya ɗara ɗayan zafi da digiri 20 ko fiye.

Mai_Gyaran_Piyano: Ka yarda da na ɗaki. Yawanci a zafin digiri 20 ake daidaita sautinsu. Ni ko a aljihun riga ba na barin nawa, ɗumin jiki ma na taɓa shi. Kan piyanon nake ajiye shi ya saba da ɗakin kafin na kaɗa. Na alminiyon ya fi saurin kaucewa, ban cika son sa ba.

Mai_Jita: Allah ya saka da alheri. To me ya sa sarewa ita tashi take yi in an yi zafi?

Malamin_Kimiyya: Ita iskar cikinta ce ke karkarwa, sauti kuma ya fi gudu a iska mai ɗumi. Shi ya sa a ɗaki mai zafi sarewa da ƙarfenka kowa ke kama gabansa. In kana son wanda zafi bai cika damunsa ba, nemi na gaurayen ƙarfen da ake kira Elinvar, wanda Charles Guillaume ya haɗa, mutumin da ya ci kyautar Nobel a 1920.