Jadawalin ginin nan ya ƙi daidaituwa, a taimaka

Salam jama'a, don Allah masu harkar gini ku agaza min, kwana biyu ina fama da jadawalin ginin wani bene a Microsoft Project, manhajar tsara ayyuka. Kafinta kwana 5, masu rodi kwana 4, zuba dekin kwana 1, sai jiran kankare ya yi ƙwari kwana 28. To birkila ya ce bayan sati ɗaya zai fara ɗora bulo a sama, amma da na haɗa kibiyoyin da ke nuna wane aiki ke bin wane, sai manhajar ta tura shi bayan kwana 28 ɗin, sati uku ya ƙaru haka kawai, mai gida kuma sai kira yake. Jiran nan aiki zan mai da shi mai zaman kansa, ko jinkirin kwana 7 zan sa kan kibiyar birkilan?