Tankin tsohuwar Fijo 504 ya yi tsatsa: a wanke shi ko a nemi wani?

Habu Ɗan Ringim:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyayenmu kanikawa da masu walda da ke wannan zaure.

Mahaifinmu yana da a-kori-kura Fijo 504, irin haɗin Kaduna. Da ita ya yi shekaru yana kai buhunan riɗi da zoɓo Gujungu da Maigatari daga ƙauyenmu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka jingine ta ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, don kuɗin lodi ya daina biyan kuɗin mai. Yanzu Baba ya ce in tayar da ita kafin kaka, tunda abin da masu haya ke karɓa a kan buhu ya fi ƙarfinmu.

Injin lafiyarsa ƙalau. Bakanike ya ɗora galan a kan rufi ya jawo tiyo kai tsaye zuwa kafireta, bugu biyu ta tashi. Da aka mayar da ita kan tankinta kuwa, ko bakin titi ba mu kai ba ta fara tari, ta mutu. Filta ta yi jajawur. Muka sauke tankin, abin da ya zubo ba ka ce fetur ba ne, ja ne mai kauri kamar ruwan zoɓo, ga wani wari mai hawa kai, a ƙarshe kuma ruwa zalla ya biyo baya. Na haska tocila ta ramin geji, ƙasan duk ɓawon tsatsa ne da wani baƙin danƙo. A kusurwa ɗaya ta waje kuma akwai danshi, ƙura ta manne a wurin.

Kowa da tasa shawarar. Wani ya ce ruwan batir, wani ya ce tsakuwa da kananzir, wani ya ce a kai wa mai walda ya yanka shi biyu ya kankare ya liƙe. Ni dai ina son tankin nan ya rayu, don Baba ba ya son a sa wa motar nan abin da ba nata ba. Me kuka gani?

Oga Lawan Mai Lagireto:

Wa alaikumus salam. Habu ɗana, kafin komai: kada ka bari kowa ya kusanci tankin nan da wuta, ko walda ko garanda ko taba. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne ke fashewa, kuma yana maƙale a cikin tsatsa da danƙon nan ko da tankin ya yi wata a rana. Tururin ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, sai ya rarrafa ya tarar da murhun matan gida. Ku 'yan Jigawa ba sai an ba ku labarin fetur ba bayan fashewar tankar mai a Majiya a watan Oktoban 2024, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ka fitar da aikin bayan gari, ka kori yara.

Aiki biyu ne a gabanka, mutane kuma suna haɗa su shi ya sa ba sa dacewa. Baƙin danƙon nan tsohon fetur ne da ya daskare, asid ba ya cin sa. Sai ka fara raba tankin da shi tukuna tsatsar za ta bayyana. Ka cire geji da fulot ɗinsa ka ajiye gefe, ka toshe ramukan da tsohon tiyub da katako. Ka tafasa ruwa can nesa, ka kawo shi da zafinsa, ka zuba Omo da yawa, ku kama tankin ku biyu ku yi ta jijjiga. A zubar, a sake, har sai ruwan ya daina fitowa da maiƙo.

Tsakuwa kuwa ban yarda da ita ba. A cikin tankin akwai shingayen ƙarfe da ke hana mai tangal-tangal a kwana, tsakuwa tana maƙalewa a bayansu, sai wata rana ta sauko ta zauna a bakin bututun da ke jan mai. Ka sami guntuwar sarƙa ka ɗaure mata igiya, ko notina manya. In notina ne ka ƙirga su kafin ka zuba, ka ƙirga su in sun fito. Kuma da ruwa a ciki za ka jijjiga, ƙarfe da ƙarfe a bushe yana iya ba da tartsatsi.

Bayan nan ka ɗauki sukundireba ka bi ƙasan tankin ta waje kana dannawa, musamman wajen danshin da ka faɗa da inda bel ɗin ƙarfe ke riƙe shi. In ƙarfen yana lotsawa a ƙarƙashin hannunka, kada ka ɓata kuɗinka, ka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka nemi wani. In yana da ƙwari, ƙananan huji ne kawai, wannan aikin dalma ne, mu masu lagireto muke yi. Muna gasa kan goga a wuta can gefe, mu kawo shi da zafinsa mu narka dalmar a kan hujin, harshen wuta ba ya taɓa tankin.

Sale Direban J5:

Oga Lawan ya faɗi gaskiya, amma aikin ya yi tsawo. Mu a tasha ruwan batir ake tsarmawa a zuba, awa ɗaya ya cinye tsatsar tas. Yoyo kuma ka goga masa sabulun wanki na sanda, fetur ba ya narka shi, ni da shi na taɓa kawo mota daga Haɗeja har Kano. Abin da zan ƙara maka, Habu, ka kula da inda kake shan mai. Na 'yan bumburutu yakan zo da ruwa da ƙasa a gindin jarka. In dole ce ta sa, ka sa ƙyalle a bakin mazurari, kuma kada ka yarda a juye maka na ƙarshen jarka.

Malama Hadiza, Kazaure:

Malam Sale, a gafarce ni, maganar ruwan batir ba zan bari ta wuce ba. Ina koyar da kimiyyar sinadarai a sakandare, kuma maigidana ya daɗe yana riƙe da 504. Ruwan batir asid ne mai ƙarfi, ba ya bambance tsatsa da lafiyayyen ƙarfe. Tsofaffin tankuna ana shafe cikinsu da wani siririn rufi na dalma da kuza don kare su, asid ɗin zai tafi da abin da ya rage na rufin, ya shige cikin ɗinkin tankin inda ɗauraya ba ta kaiwa, ya ci gaba da ci a ɓoye. Ga haɗarin ido da fata. Sabulu kuma na kai mota gida ne, ruwan sama ɗaya zai wanke shi.

Malam Habu, ka nemi garin sitirik asid, wanda masu haɗa lemo da zoɓon kwalba ke amfani da shi, ana samunsa wurin masu sayar da kemikal a Sabon Garin Kano. Giram 50 zuwa 100 a kowace litar ruwan ɗumi ya isa. Ba sai ka cika tankin ba, lita 10 ma ta yi, ka bar shi ya kwana a kan gindinsa, gobe ka juya shi ta gefe, haka har ko'ina ya samu. In bai samu ba, jiƙaƙƙiyar tsamiya mai kauri da aka tace sosai tana yi, sai dai tana da nawa. Kada ka toshe shi ruf, ka bar wa iska hanyar fita.

In ka zubar, ka ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe sauran tsamin, sannan ruwa mai tsabta. A nan ne akasari ake asarar wahala: ƙarfen da aka wanke da asid yana sake yin ja cikin ƙanƙanin lokaci in ya zauna da jiƙa. Ka shirya ɗaurayar ƙarshe ta faɗo da hantsi, ka buɗe duk ramukan, ka kifa shi a rana kana juyawa. Da ya bushe ka zuba ɗan fetur da aka gauraya da man inji, ka juya ya shafi ko'ina.

Ruwan da ka gani a ƙasa ba lallai daga mai sayar da mai ya zo ba. Tankin da aka bari rabi yana shaƙar iska mai laima da damina, dare ya yi sanyi ta zama raɓa a jikin ƙarfe, ta gangara ƙarƙashin fetur tunda ruwa ya fi shi nauyi. Shi ya sa ƙasan ne ya ci tsatsa.

Habu Ɗan Ringim:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na yi wankin Omo da sarƙa kamar yadda Oga ya ce. Ɓawon tsatsar da ya fito ya kusa cika gwangwanin madara. Na bi ƙasan da sukundireba, ko'ina da ƙwari sai kusurwar nan, inda huji biyu suka bayyana, kowanne bai fi tsinin allura ba, sai ka ɗaga shi saitin rana za ka gan su. Ƙanena zai shiga Kano ya taho da garin da Malama ta faɗa.

Saura tambaya biyu, Oga. Wani mai fenti a garinmu ya ce a zuba fentin mota a ciki a juya, tsatsa ba za ta dawo ba. Sannan ta yaya zan tabbatar babu wani hujin da ban gani ba?

Oga Lawan Mai Lagireto:

Kada ka sa fenti a ciki. Fetur zai jiƙa shi ya saɓule, ya toshe maka bututu da jet ɗin kafireta, ka koma inda ka fito. Akwai maganin shafe cikin tanki na musamman da fetur ba ya ci, in ba shi ka samu ba, ka bar ƙarfen haka, ka riƙa barin mai da yawa a ciki. Fenti na waje ne: buroshin waya, jan fenti na hana tsatsa, sannan baƙi. Ka yanka tiyub ka shimfiɗa tsakanin tankin da bel ɗinsa.

Liƙin dalma sai bayan wankin asid, don wankin zai iya buɗe wasu hujin. Gwaji kuma ka toshe ramuka, ka ba shi iska kaɗan da famfon keke, ka shafa kumfar Omo a ɗinki da kusurwoyi, inda ya yi ƙwai nan ne. Kada ka kai wa mai faci ya sa masa injin iska, zai kumbura shi ya buɗe ɗinkin.

Kafin ka ɗaura, ka hure layin mai daga gaba zuwa baya, ka canza tiyon roba duka, ka duba ƙaramin ramin iska na murfin tanki ko zanzaro ya toshe shi da laka. Ka sayi filta biyu irin mai haske da ake ganin ciki, ta farkon za ta cika da wuri, ɗayar ka ajiye a aljihun mota. Ka gaida Baba.