Wai ina gurguzun yake a ƙasar Sin?

Mai Carbi, Jidda:
Assalamu alaikum. Na je Gwanzu saro carbi da sallaya saboda alhazai. Tun ina yaro nake jin cewa a Sin komai na gwamnati ne. Ina shiga kasuwa sai ga jar tutar jam'iyya mai lauje da guduma a bango, a ƙarƙashinta wata tsohuwa riƙe da kalkuleta tana ciniki kamar a Kantin Kwari ta girma. Kusan awa guda muna danna lamba. Ta ba ni shayi, ta ba ni kujera, amma ragin yuwan biyu a dozin ta ce albarka. Har a jirgi ina dariya. Ga mu kuma a Saudiyya, ƙasar kasuwa, ɗan ƙasa yana karatu da asibiti kyauta, albashi ba haraji. Don Allah tsakani da Allah nake tambaya, wane ne ɗan gurguzun?

Baban Maiwurno:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ni na ga gurguzu da idona a Sudan. Numairi ya karɓi mulki a 1969, a 1970 ya ƙwace bankuna da manyan kamfanoni ya mayar da su na gwamnati. Muna samari muka yi ta tafi. Ba a daɗe ba, a 1971, ya ɓata da 'yan kwaminis ɗin, har aka rataye shugabansu Abdulhalik Mahjub. Abin da ya fi tsaya mini a rai layin sukari ne. Ka fito da asuba, ka ajiye dutse ya riƙe maka wuri, ka tafi masallaci, ka dawo ka tarar dutsen wani ya tsallake naka. An sha dambe a kan dutse, wallahi.

Hajiya 'Yar Makka:
Alhaji Mai Carbi, wannan kyautar karatu da asibitin ta Saudiyya ta mai katin ɗan ƙasa ce fa. Mu baƙi masu iƙama, wato takardar izinin zama, inshora muke biya, kuma harajin kaya ya koma kashi 15 cikin ɗari tun 2020, kowa na biya.

Malamin Tarihi, Madina:
Mai Carbi, tsohuwarka 'yar zamanin Deng Xiaoping ce, tsohon jagoran Sin. Tun 1978 ya buɗe wa mutane ƙofar kasuwanci, jam'iyya ta riƙe mulki, da ƙasar noma, da manyan bankuna. Baba, dutsen nan naka ya taɓa kai ka ga sukarin kuwa?

Baban Maiwurno:
Wani lokaci, Malam. Rabin abin da aka yi alkawari.